Kwana ɗaya ko kwana uku? Yadda 'yan tattakin asuba na Katsina suka ja daga kan hawan Tubkal

Malam Sada: Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda muka rabu a filin wasa ranar Asabar, ga abin da na tattaro. Sharaɗinmu tun farko shi ne tafiyar ƙafa ta 'yan kwanaki a cikin duwatsu, kullum dare mu kwana a ginannen masauki, gari ya waye mu nufi na gaba. Ba kafa tanti, ba ɗaukar tukunya. Kilimanjaro na Tanzaniya yana da irin wannan tsari a hanyar Marangu, masaukai uku ne, Mandara da Horombo da Kibo, amma kwana biyar zuwa shida ake yi, ƙololuwar mita 5,895 ce, kuɗin shiga gandun da dala ake biya, kuma bizarsu ga ɗan Najeriya sai an nema tun daga gida an jira. Dutsen Kamaru da ke Buya ya fi kusa, sai dai yankin yana cikin rikicin 'yan aware, ko a gasar tseren dutsen ta 2023 sai da abubuwa suka fashe. Saura Tubkal na Maroko, mita 4,167, mafi tsawo a Arewacin Afirka. Shi nake ba da shawara. Bismilla.

Baba Iro: Wa alaikumus salam. Ni har yanzu ban gane mi aka ajiye maku bisa dutsen ba. Mutum da gidanshi da katifarshi.

Shamsu: Baba, hoto aka ajiye mana.

Abba Ɗan Daura: Malam, ba don in mayar da mu baya ba, amma me ya hana mu fara da na gida? Ga Cappal Waddi a Taraba, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsawo a Najeriya. Ba biza, ba canjin kuɗi.

Malam Sada: Na duba shi, Abba. Yana cikin gandun Gashaka-Gumti, kuma wuri ne mai kyau ƙwarai, amma babu jerin masaukai a hanyar. Tanti ne da 'yan dako. Alhaji ya ce shi ya gama kwanan ƙasa tun Muzdalifa. Duwatsun Azbin na Nijar ma na yi tunaninsu, kowa ya san halin da hanyar Agadas take ciki. Namu na nan wajen Batsari da Safana kuwa ba sai na faɗa ba.

Alhaji Mannir: Haka na ce, kuma ban canza ba. Maroko ta yi mani. Amma ku ji, ni ɗan kasuwa ne, ba zan bar shago sati biyu ba. Na ga ana yin shi cikin yini biyu, kwana ɗaya: yau a hau a kwana a masauki, gobe da asuba a kai ƙarshe a sauko. Mu yi wannan mu wuce Fas mu yi ziyarar Shehu Tijjani mu dawo gida.

Malam Sada: Bari mu ji daga Nura, shi ya yi karatu a Marakish, ya taka wurin da ƙafarsa.

Nura: Ranka ya daɗe Alhaji, gaskiya ne ana yin sa haka, kuma mafi yawan baƙi haka suke yi. Daga Marakish mota za ta kai ku wani ƙauye, Imlil, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Imlil yana wajen mita 1,740. Daga nan ƙafa ce, awa biyar zuwa shida, har masaukin gindin Tubkal da ke mita 3,207. Masaukai biyu ne a wurin, suna maƙwabtaka, ɗaya na ƙungiyar masu hawan duwatsu ta Faransa reshen Kasabalanka, ɗayan ana ce masa Mouflons.

Abin da ba a nuna maku a bidiyo shi ne daren. Kana shiga za ka cire takalmi a bakin ƙofa ka sa silifa. Ɗakin kwanan gadaje ne masu hawa biyu a jere, katifa na gogar katifa, wanda ke gefenka ba ka san daga wace ƙasa ya zo ba. Za a kawo miya mai zafi da burodi da tajin, wato dahuwar nama da kayan lambu a kaskon ƙasa mai murfi, sai shayi da na'a-na'a. To a teburin nan za ka gane waɗanda suka hau da gaggawa. Za ka ga ƙato ya dafe kai da hannu biyu, abinci na gabansa ya kasa kai loma. Da dare wani na minshari, wani na juyi, wani ya fita waje yana amai cikin sanyi. Wajen ƙarfe huɗu ɗakin ya cika da hasken tocilan ɗin goshi da ƙarar zif, kowa na shiri, su kuma suna kwance. Sun biya kuɗin jirgi daga wata duniya, a mita 3,207 tafiyarsu ta ƙare.

Alhaji Mannir: Waɗannan ragwaye ne, Nura. Mu da muke zagaye Katsina kullum asuba?

Dakta Rabe: Alhaji, a nan zan shigo. Wannan ciwon tsauni ne, bai san rago ba, bai san jarumi ba. Katsina tana wajen mita 500 ne daga doron teku, jikinmu da iskar nan ya saba. A mita 4,000, oksijin da kake samu a kowane numfashi bai fi kashi 60 cikin ɗari na wanda ake samu a bakin teku ba. Jiki yana iya sabawa, yana ƙara yawan numfashi, ƙoda tana gyara sinadaran jini, amma kwanaki yake buƙata, ba awoyi ba. Daga mita 2,500 ake fara ganin ciwon: ciwon kai, tashin zuciya, rashin cin abinci, barci ya ƙi. Wannan mai sauƙin ke nan. Mai tsananin shi ne ruwa ya taru a huhu, ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, mutum ya fara tangaɗi yana magana ba kan gado. Wannan yana kisa, kuma maganinsa na farko a sauko da mutum nan take, ko da tsakar dare ne.

Abin da ake lissafawa ba inda ƙafarka ta kai da rana ba ne, inda ka kwana ne. Ƙa'idar likitocin tsauni ita ce idan an haura mita 3,000 kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Tsarin Alhaji zai ɗauke mu daga Marakish, wadda tsayinta kusan ɗaya da Katsina, ya kwantar da mu a 3,207 a rana guda. Ban yarda ba. Kuma sau da yawa masu ƙarfin ne suka fi shan wuya, don su ke zabga sauri.

Shamsu: Dakta ya fara ba mu tsoro. Baba Iro ka matsa mani a katifar.

Malam Sada: Shi ya sa tun farko na ce masauki zuwa masauki. Nura, faɗa masu ɗaya hanyar.

Nura: Akwai ta kwarin Azzaden. Daren farko a Imlil, a huta a sha iska. Washegari a bi ta wata mashiga tsakanin duwatsu, Tizi Mzik, wajen mita 2,480, a gangara ɗaya kwarin, a kwana a masaukin Tamsult, mita 2,250 ko kusa da haka. Tafiyar awa biyar ce zuwa shida, ba ta da tsanani. Rana ta biyu ita ce mai wuyar: a wuce inda ruwa ke faɗowa daga dutse, a kama hawan Agelzim har sama da mita 3,500. Hanyar lanƙwasa ce bisa lanƙwasa, 'yan jagora suna cewa sun kusa ɗari. Daga can sai a gangaro masaukin Tubkal. Rana ta uku a tashi da duhu, awa uku zuwa huɗu a kai ƙololuwa inda aka kafa wani ƙarfe mai kusurwa uku, a sauko, a ci abinci, a miƙe Imlil ta hanyar da kowa ke bi. Ni dai a wurina ranar Azzaden ta fi ranar ƙololuwar daɗi. Ƙauyuka ne na jar ƙasa manne a jikin dutse, gonaki hawa-hawa, ruwa na bin ƙananan magudanai da suka sassaƙa da hannu. Can sama kuwa babu komai sai tsakuwa da iska.

Dakta Rabe: Wannan ya fi, nesa ba kusa ba, don an hau 3,500 da rana an sauko an kwana ƙasa da haka. Amma kada a ce na sa hannu duka. Daga 2,250 zuwa 3,207 tsallen kusan mita dubu ne a dare ɗaya. Ni da za a bi tawa, a kama kwana biyu a masaukin Tubkal. Wanda ya tashi garau ya hau a rana ta uku, ya dawo ya kwana ya huta gwiwa. Wanda kansa ke ciwo ya zauna ya sha shayi, ya gwada washegari. Kuɗin gado ɗaya ne ƙari, kuma shi ne kuɗi mafi arha a duk tafiyar.

Alhaji Mannir: Kun mayar da kwana ɗaya kwana huɗu ke nan.

Malam Sada: Ɗaya a Imlil, ɗaya a Tamsult, biyu a Tubkal. Alhaji, kuɗin jirgin nan shi ne uwar kashewa, kuma ɗaya ne ko kwana nawa ka yi. Ba ka ganin asara ce a biya shi don a je a dafe kai?

Alhaji Mannir: Kai malamin makaranta ne, Sada, hutu gwamnati ke ba ka. Ni in na rufe ido yaran shago sun buɗe nasu.

Hajiya Hadiza: Assalamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa. Ni da Injiniya mun sa suna, amma bayanin Nura ya tsayar da ni. Katifa na gogar katifa, maza da mata a ɗaki ɗaya? Wannan kam ba da ni ba. Sannan banɗaki fa?

Nura: Anti, manyan ɗakunan a haɗe suke, ba a ware maza da mata. Amma akwai ƙananan ɗakuna da iyali ko ƙaramin ayari ke kamawa, kuɗinsu ya fi, kuma su ke fara ƙarewa. Sai an kama da wuri. Banɗaki yana da ƙofa, ruwan zafi na wanka ana biya daban. Masu aikin wurin Musulmi ne, mutanen ƙauyukan nan, ba za su yi mamakin buƙatarki ba. Matan Maroko da hijabinsu suna hawa.

Hajiya Hadiza: To a rubuta: in babu ɗaki, babu Hadiza. Kuma ba "in mun je za a duba" ba. In ga shaida a rubuce kafin in ba da sisi.

Malam Sada: An rubuta, Hajiya.

Malam Lawal: Tunda an zo nan, bari in sa baki kan sallah, don na san za a tambaya. Mu matafiya ne, ƙasaru ya halatta, haka haɗa Azahar da La'asar idan tafiya ta kama. Ranar hawan ƙololuwa za a fita kafin alfijir, ke nan Asuba a hanya za ta same ku. A yi alwala a masauki kafin a fita, a riƙe ta. Wanda ta warware masa, ga sanyin da ruwa zai cutar da shi ko babu ruwan ma, taimama ta isar masa, kuma dutse ai ba sai an nema ba. Mutanen can Malikawa ne irinmu, ba za ku ga baƙon abu a masallatansu ba. A Marakish ma kabarin Alƙali Iyad yake, mai Ashafar da ake karanta mana da azumi.

Nura: Haka ne Malam. Kuma a hanyar saukowa za mu ratsa Sidi Shamharush, wajen mita 2,300. Wani ƙaton dutse ne da aka shafe da farin fenti, da 'yan shaguna kewaye. Mutanen wurin sun ce sarkin aljanu ne, ana kai marasa lafiya ana yanka. Wanda ba Musulmi ba ba ya ƙetare 'yar gadar. Mu dai lemun zaƙi ake matse mana a wurin, kwalaben ma a cikin ruwan rafi suke sanyaya su.

Injiniya Kabir: Subhanallahi. Yanka ga aljani? Wannan ai shirka ce tsagwaronta. Ba wata hanyar?

Alhaji Mannir: To, an fara. Yanzu za a ce Fas ɗin ma kada a je.

Injiniya Kabir: Ni ban ambaci Fas ba, Alhaji, kai ka kawo ta.

Malam Lawal: Hanya ce ta ratsa ta wurin, Injiniya, wucewa za ka yi. Ba wanda ya ce ka tsaya.

Malam Sada: Don Allah a bar wannan a nan. Dokar zauren nan tun ranar da aka buɗe shi: ba siyasa, ba ɗariƙa da Izala. Wanda zai je Fas bayan an sauko, jirgin ƙasa na nan. Wanda zai tsaya kasuwar Marakish, ga ta nan. Dakta, ka ce kana da sauran magana.

Dakta Rabe: Ina da ita, kuma ta fi duk wadda na yi nauyi. Turawan da ke rubuta shawarwarin hawan dutse ba su cika kawo ta ba don ba matsalarsu ba ce, tamu ce. Sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Mai SS ba ma a maganarsa, ba zai je ba. Mai AS kuwa a nan gida lafiyarsa lau, yana iya tsufa bai taɓa jin komai ba. Amma inda oksijin ya yi ƙaranci, ga gajiya, ga ƙishirwa, ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa su toshe hanyoyin jinin saifa, wani sashenta ya mutu. Alamar ita ce ciwo mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Ba kowane mai AS ke gamuwa da shi ba, da yawa sun hau sun sauko lafiya, amma abu ne sananne a likitance, kuma ba ka sanin kana cikin waɗanda zai kama sai ya kama ka. A can kuwa asibitin kirki sai Marakish, kuma kafin mota sai an yi awoyi bisa alfadari. Saboda haka kowa ya kawo mani sakamakon gwajinsa. A keɓe, ba a nan ba.

Abba Ɗan Daura: Ba sai an keɓe ba, Dakta. Ni AS ne, tun gwajin aure na sani. Kuma duk zauren nan wa ke riga ni gama zagaye? Ƙwallo nake bugawa, azumi nake yi a zafin Daura ina aiki. Yanzu don harafi biyu za a ce in zauna?

Shamsu: Kai, wannan ba daɗi. Abba ne fa ya fara kawo maganar tafiyar nan.

Dakta Rabe: Ƙanena, ba wanda ya ce ba ka da ƙarfi, ka fi ni nesa. Amma Daura ba ta kai mita 600 ba, duk ƙwallon da ka buga da cikakkiyar iska ka buga ta. Ban ce an hana ka ba, ba ni da wannan ikon. Na ce ka san abin da kake ɗauka, ka zo mu zauna, in haɗa ka da likitan jini. In ka ce za ka je, to da sharaɗi: ba tsere, ruwa a kai a kai, kuma da ka ji ciwo a hagu an gama, sai ƙasa, ba gardama. Ka kuma faɗa wa mai ɗakinka gaskiyar abin kafin ka biya.

Abba Ɗan Daura: In na je na tsaya a gindi ina kallonku kuna hawa, ai gara ban je ba.

Nura: Yaya Abba, ba haka abin yake ba. Akwai masu zuwa Imlil da ba ruwansu da ƙololuwa sam. Ƙauye zuwa ƙauye suke bi, suna kwana a gidajen baƙi na mutanen gari: Tizi Usem a kwarin Azzaden, ƙasa da mita 2,000, ko Tashedirt ta ɗaya ɓangaren, wajen 2,300. Za mu iya tafiya tare har Tamsult, daga nan ayari ya rabu biyu, mu haɗu a Imlil. Kuma ba kai kaɗai ba ne, na tabbata in an kawo sakamako za a samu wasu.

Hajiya Hadiza: Ni ma in ɗakin sama bai samu ba, ta ƙauyukan zan bi, kuma ba zan ji na yi asara ba. Abba, kada ka yi fushi da Dakta. Gara a faɗa maka a Katsina.

Abba Ɗan Daura: Ban yi fushi ba, Anti. Zan zo asibitin. Amma ban ce na haƙura ba.

Baba Iro: Yaro, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ku duka nan ba wanda ya ga biza tukuna kuna rabon ƙololuwa.

Malam Sada: Baba ya yi gaskiya. Biza sai an nema, kuma za su so ganin tikiti da shaidar masauki, ke nan komai a sarƙe yake da ranar da muka tsayar. Jirgin Royal Air Maroc yana tashi daga Abuja da Legas zuwa Kasabalanka, daga can jirgin ƙasa kamar awa uku zuwa Marakish. Sai maganar ɗan jagora: dole ne. Tun bayan kisan wasu 'yan mata biyu 'yan yawon buɗe ido, ɗaya daga Denmak ɗaya daga Norwe, a kusa da Imlil a Disambar 2018, hukuma ta hana hawa ba ɗan jagora, kuma akwai shingayen jami'an tsaro da ke duba fasfo a hanya. In ayari zai rabu biyu, 'yan jagora biyu ke nan. A sa wannan a lissafi.

Injiniya Kabir: Girgizar ƙasar nan fa? Ba yankin ba ne?

Nura: Yankin ne, lardin Alhawuz, 8 ga Satumba 2023, mutum kusan 3,000 suka rasu. Ƙauyukan da suka fi rugujewa suna yamma da Imlil. An ci gaba da hawa bayan nan. Amma dalili ne na a tambayi ɗan jagora halin da kowane masauki yake ciki yanzu, kada mu dogara da tsohon bayani na intanet.

Malam Sada: Saura wata. Daga Nuwamba har wajen Afrilu ko Mayu dusar ƙanƙara ce, sai da ƙarafa masu haƙora a ƙasan takalmi, wannan ba namu ba ne. Ni Agusta ta fi mani saboda hutun makaranta.

Alhaji Mannir: Agusta ina gona, taki na biyu. Oktoba kuma girbi. Ƙarshen Satumba.

Malam Sada: Ƙarshen Satumba an koma makaranta, Alhaji.

Nura: Agusta ana hawa, sai dai lokacin hutun Turawa ne, masaukai cike, ɗakin Anti zai yi wuya. Marakish kuma tana haura digiri 40.

Shamsu: Digiri 40 za ka tsorata Bakatsine da shi?

Dakta Rabe: Ba zafin ne abin tsoro ba, Shamsu. Duk mita dubu da ka hau, zafi yana raguwa da kamar digiri shida da rabi. Ka lissafa daga Marakish zuwa 4,167, ka ƙara iskar asuba. Ka tuna sanyin hunturun da ke hana ka fitowa tattaki a Janairu, to wannan a can rana ce mai daɗi. Sannan kowa ya tafi da maganin zazzaɓin cizon sauro. Tun 2010 aka tabbatar Maroko ta rabu da cutar, in zazzaɓin da ka ɗauko daga gida ya tashi maka a can, ba shi za a fara zargi ba, kai ma za ka ɗauka ciwon tsauni ne. Masu hawan jini da suga su zo mu duba magungunansu. Akwai ƙwayar da ake sha don saurin sabawa da tsauni, Diamox, tana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira allura a yatsu, kada kowa ya saya a kemis ya sha sai mun yi magana. Inshorar tafiya kuma a karanta ta da kyau, da yawa ba sa biyan abin da ya faru sama da wani tsayi.

Injiniya Kabir: Ni abin da ke damuna atisaye. Garin nan shimfiɗe yake, ko tudun kirki babu. Zagayenmu na asuba ba ya koya wa ƙafa hawa, balle sauka, kuma sauka ce ke cin gwiwa. Ranar ƙarshe daga 4,167 zuwa 1,740 fa, in ba a ƙara kwanan da Dakta ya ce ba. Ina ganin mu koma matattakalar filin wasa na Muhammadu Dikko, sau uku a sati, da jaka a baya, a zuba mata robobin ruwa. Kafin tafiya kuma mu yi gwaji ɗaya na gaske, ko Kufena a Zariya, ko duwatsun Shere a Jos, na Shere sun haura mita 1,800.

Nura: Kaya masu nauyi alfadarai ke ɗauka, kai ruwanka da rigar sanyi da ɗan abin taɓawa kawai. Amma takalmi shi ne magana. Mai kama idon sawu, mai tauri a ƙasa, ya ɗara ƙafarka kaɗan don yatsa kada ya riƙa dukan gaba wajen gangara. A saya yanzu a fara tattaki da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi a Agelzim bororo ne kawai. Riga kuma kada a sa ta auduga a ciki, tana shan gumi ta yi sanyi a jiki. Gara rigar ƙwallo, a ɗora mai kauri, a ɗora mai tare iska. Safar hannu, hular sanyi, tocilan ɗin goshi, jakar barci. Sanduna ana haya a Imlil.

Alhaji Mannir: Kilishi zan ɗauko mana, ya ishe mu har mu dawo.

Malam Sada: Alhaji, nama a filin jirgin wata ƙasa yana iya zama na 'yan kwastan. Dabino da gyaɗa suna can a Marakish. Kuɗi kuma a riƙo dala ko yuro a canza dirhami a can, a hau da tsaba, kada a dogara da kati a kan dutse.

Alhaji Mannir: To alfadarin nan, in mutum ya gaji, yana iya hawa?

Nura: Har masauki, lokacin da babu ƙanƙara, eh, da kuɗinka. Daga masauki zuwa sama kuwa ƙafarka ce.

Alhaji Mannir: Shi ke nan, na yarda da kwana huɗun. Amma Satumba, kuma Fas tana nan.

Malam Sada: Kwana huɗu ya zauna. Wata bai zauna ba, zan sa ƙuri'a yau da dare, Agusta ko ƙarshen Satumba, in Satumba ta ci zan nemi izini a makaranta. Sakamakon gwaji ya isa wurin Dakta kafin Juma'a ta sama, don sai mun san mutum nawa ne a kowane ayari kafin Nura ya nemi farashi. Ba wanda zai ba da kafin alƙalami sai an ga farashi daga 'yan jagora aƙalla biyu masu lasisi.

Hajiya Hadiza: Nura, in za ka rubuta masu, ka tambayi ɗakin a duka watannin biyu. Amsarsu ce za ta nuna mani inda zan jefa ƙuri'ata.

Nura: To Anti, yau zan tura.

Shamsu: Ranar Talata zan shiga Kano, zan leƙa 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai. Mai son takalmi ya turo lambar ƙafarsa, ya ƙara ɗaya kamar yadda Nura ya ce. Kuɗi a gaba, ban da bashi.

Abba Ɗan Daura: 44. Ka duba mani mai kyau.